Yadda Ake Shirya Kiɗa da Wasa Don Iyalai a Lambun Shaƙatawa Lokacin Bazara

Zauren wasa yana yi wa mai shirya taro ayyuka huɗu ba tare da an roƙe shi ba. Bangonsa yana tattara sauti, rufinsa yana tare rana da ruwa, ƙofofinsa suna nuna wa jama'a mashiga da mafita, wutar lantarki kuma tana nan a soket tana jira. Da zarar an fitar da wasa cikin lambun shaƙatawa na gari, duk huɗun sun dawo kan mai shiryawa. Wasu biranen sun rage wa kansu wannan wahala da gina dandamali na dindindin, kamar gidan wasan Delacorte da aka buɗe a lambun Central Park na New York a 1962, inda ake nuna wasan kwaikwayo kyauta da bazara. Yawancin masu shiryawa kuwa ciyawa da bishiyoyi kawai za su tarar.

Bayanin nan na taron mutum 300 zuwa 500 ne, na kamar awa biyu, mai kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo ko na 'yar tsana. Duk shawarar da za ku yanke, ku auna ta da mutum ɗaya, wato yaro ɗan shekara huɗu da ke zaune a sahun gaba. Shi ne mafi kusa da lasifika, shi rana ta fi saurin galabaitarwa, shi zai kama wayar da aka bari a ƙasa, shi kuma zai ɓace cikin mutane.

Izini da maƙwabta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku je wurin hukumar da ke kula da lambun wata biyu zuwa uku kafin ranar, da taswirar filin a hannu: ga dandamali, ga janareta, ga banɗaki, ga hanyar motar asibiti. Ku tambaye su abu huɗu, a ba ku amsa a rubuce. Ƙarfe nawa dole a kashe lasifika? Mutum nawa aka yarda filin ya ɗauka? An yarda a kafa turke a ƙasa? Ina bututun ruwa da wayoyin wuta suka bi a ƙarƙashin ciyawa? Tambayar ƙarshen nan ita aka fi mantawa, alhali turken ƙarfe guda da ya huda bututun ban-ruwa ya isa ya hana ku filin har abada, wanda ya samu wayar wuta kuma ya isa ya kashe mai bugawa.

Sauran takardun sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: inshorar da za ta biya idan wani ya ji rauni, lasisin yin waƙoƙin wasu a bainar jama'a, izinin masu sayar da abinci. Ku sanar da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ko da doka ba ta tilasta ba. Mako guda kafin ranar, ku raba takarda a gidajen da ke kewaye, mai ɗauke da lokacin farawa da na gamawa da lambar wayar da wani zai ɗauka a ranar. Idan akwai asibiti ko wurin ibada kusa, ku je da kanku ku daidaita lokaci. Maƙwabcin da ya san ƙarfe nawa ƙarar za ta ƙare yakan yi haƙuri, wanda bai sani ba hukuma yake kira.

Rana ce ke zaɓar inda dandamali zai tsaya

Ku ziyarci filin a daidai sa'ar da za a yi wasan, ba da safe ba. Ku tsaya inda 'yan kallo za su zauna ku ga inda rana take da inda inuwar bishiyoyi ta faɗa. Kada 'yan kallo su fuskanci yamma da la'asar: hasken zai shiga idonsu, masu wasa su zama baƙaƙen inuwoyi, yara su juya baya. Idan 'yan kallo suka fuskanci gabas, su kam sun huta kuma rana ta haska fuskokin masu wasa, amma makaɗa za su yi ta kanne ido, kayansu kuma su gasu. Mafi daidai shi ne jama'a su fuskanci arewa ko kudu, rana ta zo daga gefe, a rataya labule mai raga a gefen yamma na dandamalin.

Hasken rana mai ƙona fata ya fi tsanani tsakanin 10 na safe da 4 na yamma, saboda haka ku fara kamar awa biyu kafin faɗuwar rana. Ku duba tsawon magariba a inda kuke. Kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, duhu yana rufewa cikin minti 20 zuwa 30 bayan rana ta faɗi, a ƙasashen da ke can arewa ko can kudu kuwa haske yakan daɗe. Idan akwai yiwuwar jama'a su fita cikin duhu, fitilun hanya da na banɗaki sun fi na dandamali muhimmanci.

Iyalai ba sa zama kamar masu kallon ƙwallo. Akwai tabarma, akwai jaka, akwai keken jariri. Ku ware wa kowane mutum murabba'in mita ɗaya da rabi. Mutum 500 ke nan murabba'in mita 750, da hanyoyi ya kai 1,000, wato fili mai faɗin mita 25 da tsawon mita 40. Ku zana hanyoyi da igiya ko farin foda tun kafin kowa ya iso, ɗaya a tsakiya da ɗaya a kowane gefe, kowacce faɗin mita ɗaya da rabi, domin hanyar da ba a zana ba tabarmi za su cinye ta cikin minti goma. Masu tabarma a gaba, masu gajerun kujeru a tsakiya, masu dogayen kujeru da masu tsayuwa a baya. Masu keken guragu a ba su gefe mai ƙasa mai tauri, inda suke ganin dandamali ba tare da wani ya tsaya gabansu ba.

Mafita kuma lissafi gare ta. Ƙa'idar filayen wasanni ta Birtaniya tana ɗaukar mutum 82 a minti ɗaya ta kowace mita ɗaya ta faɗin ƙofa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Wannan na manya ne masu tafiya hannu sake. Da goyo da kekuna da tsofaffi ku raba biyu, ku ce 40. Ƙofa biyu masu faɗin mita biyu-biyu za su fitar da mutum 500 cikin minti uku da ɗan wani abu, idan ɗaya ta toshe ya zama shida da ɗoriya. Ƙofa ɗaya ba ta isa ba ko yaya faɗinta. Hanyar motar asibiti mita huɗu ce, kuma a sa mutum ya tsare ta, in ba haka ba motar makaɗa za ta tsaya a kai.

Dandamali mai tsayin santimita 40 zuwa 60 ya isa ga masu zama a ƙasa. Wanda ya fi haka yana sa yaran gaba su ɗaga wuya har su gaji. Faɗin mita 6 da zurfin mita 4 ya ɗauki ƙaramin rukunin makaɗa, 'yan rawa kuwa suna son aƙalla 8 da 6. A sa falanki ƙarƙashin kowace ƙafar dandamali don kada ta nutse, a rufe ƙasansa da yadi ko katako don kada yara su shige. Kada a ajiye mota ko janareta a ƙarƙashin bishiya, nauyi yana danne ƙasa ya shaƙe saiwoyi, illar kuma sai bayan shekara take bayyana.

Sauti: nan aka fi cutar da yara

A fili, duk lokacin da nisa daga lasifika ya ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Lasifikar da ke ba da desibel 100 a mita ɗaya za ta ba da 94 a mita biyu, 88 a huɗu, 82 a takwas, 76 a 16, 70 a 32. To, a ce mai kula da sauti yana so na ƙarshen fili, a mita 32, ya ji desibel 85. Dole ya ɗaga lasifikar zuwa 115 a mita ɗaya. Yaron da ke zaune mita biyu daga gare ta yana shan 109 ke nan.

Ku kwatanta da abin da kunne ke jurewa. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi ya ce desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 100 minti 15, 109 bai kai minti biyu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2022 don wuraren kiɗa, ta sa iyaka a desibel 100 a matsakaicin minti 15. Dokar Faransa ta 2017 ta sa 94 ga taron da aka shirya don ƙananan yara. Waɗannan iyakokin sama ne. Shawararmu ga taron iyalai ita ce kada sahun gaba ya wuce 85 zuwa 88 a matsakaici. Kunnen da ƙara ta lalata ba ya warkewa, kuma yaro ba zai ce muku yana jin ciwo ba, sai dai ya toshe kunne ko ya fara kuka, iyaye su ɗauka rigima ce.

Maganin yana cikin inda aka ajiye lasifika, ba cikin girmanta ba. Na farko, a ɗaga ta sama, ƙahonta ya kai mita biyu da rabi zuwa uku daga ƙasa, a ɗan karkato ta tana kallon tsakiyar jama'a. Sauti mafi ƙarfi sai ya wuce ta saman kan yaran gaba. Na biyu, a bar tazarar mita uku zuwa huɗu tsakanin lasifika da tabarmar farko, a kewaye da shinge. Na uku, kuma shi ne mafi amfani, a kafa lasifika biyu na ƙari a tsakiyar fili, kamar mita 20 daga dandamali, suna kallon baya. Da su, ba sai na gaba sun yi ihu ba.

Lasifikan tsakiya suna buƙatar jinkiri, in ba haka ba na baya zai ji kowace kalma sau biyu. Sauti yana tafiyar kusan mita 350 a daƙiƙa a rana mai zafi, wato kusan milisakan 3 kowace mita (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa), wutar da ke cikin waya kuwa nan take take isa. Mita 20 tana cin milisakan 57. A ƙara 10 a kai, a sa 67 a miksa, wato na'urar haɗa sauti da daidaita shi. Ƙarin goman nan yana sa sautin dandamali ya riga isa kunne da kaɗan, sai mai sauraro ya ji kamar duk muryar daga bakin mawaƙi take fitowa. A auna nisan da tef, kada a yi ƙiyasi da ido.

Kukan makirufo yana faruwa idan makirufo ya ji abin da lasifika ta fitar ya sake mayar mata. Don haka manyan lasifika su kasance gaba da layin makirufo, mawaƙi ya kusanto da bakinsa maimakon a ƙara masa ƙarfi, duk makirufon da ba a amfani da shi a rufe shi. A sa soso a kan kowanne saboda iska, a kuma yanke a miksa sautuka masu kauri da ke ƙasa da haz 100 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti) a layukan murya, nan ne gurnanin iska yake. 'Yan wasan kwaikwayo su yi amfani da makirufon da ake ɗaurawa a kai. Wanda ake maƙalawa a ƙirji yana nesa da baki, a fili kuma yakan kwashi iska fiye da magana. Gumi yana toshe ƙaramin kan makirufon, saboda haka a tanadi na canji, a sa sababbin batura kafin a fara ko da tsofaffin suna nuna rabi.

Akwai abin da ke ruɗa masu shiryawa: an gwada sauti da rana lafiya lau, da yamma kuma ƙorafi ya fara zuwa daga unguwa mai nisa. Dalili shi ne da rana iskar da ke kusa da ƙasa ta fi zafi, sauti yana lanƙwasawa sama ya ɓace. Bayan faɗuwar rana ƙasa tana hucewa, iskar sama ta fi ɗumi, sai sauti ya lanƙwaso ƙasa ya yi nisa. Haka ma ɓangaren da iska ke kaɗawa zuwa gare shi. Sautuka masu kauri na ganga da jitar bes su ne suka fi ratsa bango, kuma ta ko'ina suke bazuwa, har bayan dandamali. Idan ƙorafi ya zo, su za a fara ragewa. A sa mutum ɗaya da ma'aunin sauti yana zagayawa duk rabin awa, sahun gaba da bakin shingen lambu, yana rubutawa. Manhajar waya tana ba da ƙiyasi, amma ma'auni na gaske ba shi da wuyar samu, shi ya kamata a riƙe.

Ƙafafun lasifika a buɗe su gaba ɗaya, a ɗora buhunan yashi a kai. Akwati mai kilo 20 a tsayin mita biyu da rabi, idan yaro ya ja waya ya faɗo, ba ƙaramin abu ba ne.

Wuta

Ku rubuta duk abin da zai ja wuta, ku karanta abin da yake ci a jikin lambar da ke kusa da soket ɗinsa, ba babban adadin da ke kan kwali ba. Misali: lasifika huɗu wat 1,200, na bes biyu 1,000, na makaɗa huɗu 800, miksa da kayan kiɗa 600, fitilun LED goma sha biyu 720. Jimla kilowat 4.3. Janareta bai kamata ya wuce kashi 75 cikin ɗari na ƙarfinsa ba, domin bugun ganga yana jan wuta farat ɗaya. Janareta mai kilowat 5.8 ake buƙata ke nan. Idan an rubuta ƙarfinsa da kVA, a mafi yawan manyan janaretoci sai a ninka da 0.8 a samu kilowat, don haka mai kVA 8 zuwa 10 ake nema, mai daidaita ƙarfin wuta da kansa, mara ƙara.

Masu abinci su nemi tasu wutar daban. Butar lantarki ɗaya tana cin kilowat biyu zuwa uku, firji kuma duk lokacin da ya tashi yana sa ƙara a lasifika. Ɗaukewar wuta a tsakiyar waƙa takan zo daga nan.

Doguwar waya siririya tana cinye wuta a hanya. Amfiya 16 a kan mita 50 na waya mai kaurin milimita 2.5 tana zubar da kusan bolt 14, a kan mai 1.5 kuwa bolt 23, kashi goma cikin ɗari na 230, abin da kan iya dagula aikin kayan sauti. A warware wayar da ke kan nadi gaba ɗaya, wadda aka bari a naɗe tana tara zafi har ta narke. Kowane layi ya bi ta na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke katse wuta idan ta fara bi ta jikin mutum, kuma a danna maɓallin gwajinta a ranar. Mahaɗan wayoyi su zama na waje masu jure ruwa, a ɗaga su daga ciyawa saboda raɓa. Inda waya ta ratsa hanya a rufe ta da gadar roba ko a ɗaga ta sama. Haɗa janareta da jikin dandamalin ƙarfe da ƙasa aikin ƙwararren mai wuta ne, kada a ba wanda ya ce yana ɗan taɓawa.

Janareta ya zauna aƙalla mita shida daga tanti da mutane, bakin hayaƙinsa yana kallon nesa, a kewaye shi da shinge, da abin kashe gobara kusa. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke taruwa a rufaffen wuri. A cika shi da mai kafin a fara, ba a ƙara mai yana aiki ko yana da zafi. Wajen kunnawa miksa ce farko, lasifika ƙarshe. Wajen kashewa lasifika ce farko.

Iska da tsawa

Ƙarfin turin iska yana ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninka biyu. Allon yadi mai mita 6 da 3 a bayan dandamali, a iska mai gudun kilomita 36 a awa, yana shan turi kamar na kilo 130. A kilomita 72, wanda guguwar gaban hadari ke kaiwa cikin daƙiƙoƙi, ya haura kilo 500. Saboda haka allon baya ya zama mai raga, a ɗaure shi yadda mutum biyu za su iya sauke shi cikin minti ɗaya, da almakashi a rataye kusa. Ƙaramar rumfa mai mita 3 da 3 tana son aƙalla kilo 20 zuwa 25 a kowace ƙafa, a ɗaure da jikinta, ba a jingine ba. Wanda ya ba ku hayar rufin dandamali ya rubuta muku gudun iskar da rufin ke jurewa da gudun da za a fara sauke labule. Idan bai san adadin ba, ku nemi wani.

A ranar 13 ga Agusta 2011 iska ta rushe rufin dandamali a bikin baje koli na jihar Indiana a Amurka, mutum bakwai suka mutu. Bincike ya nuna rufin ba shi da ƙarfin da ya kamata, ya kuma nuna ba a fayyace wanda ke da ikon dakatar da wasan ba, har lokaci ya ƙure ana shawara. Ku naɗa mutum ɗaya, da suna, wanda idan ya ce a tsaya an tsaya, ko mawaƙi na tsakiyar baiti. Kada ya zama mai wani aikin daban a ranar. Idonsa a sama da kan hasashen yanayi.

Idan aka ga walƙiya a ƙirga daƙiƙoƙi har a ji tsawa. Kowane uku kilomita ɗaya ne. Talatin ko ƙasa da haka, hadarin yana cikin kilomita goma, aradu na iya sauka a filin. A gaskiya, da yara a wuri, jin tsawa kawai ya isa a sallami jama'a, tunda fitarsu tana cin lokaci. Mafaka ita ce gini mai bango da rufi ko mota mai rufin ƙarfe. Bishiya da tanti da rumfa ba mafaka ba ne, kuma can mutane za su ruga idan ba a gaya musu ba. A rubuta sanarwar tun da wuri, gajeriya, a maƙala kusa da makirufon mai gabatarwa, a kuma ajiye lasifikar hannu mai batir don lokacin da babu wuta. Ba a dawowa sai minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Tsarin wasan

Ƙananan yara ba sa zama fiye da minti 20 zuwa 25 a kan abu ɗaya. A yanka shirin gunduwa-gunduwa, a riƙa musanya na kallo da na motsi: kiɗa mai amshi da tafi, sai wasan 'yar tsana, sai rawar da kowa zai tashi, sai hutu na minti 15 don banɗaki da ruwa. Abin da aka shirya don ƙanana ya zo da wuri, domin iyayensu su ne farkon tafiya. Canjin kaya tsakanin rukuni biyu kada ya wuce minti biyar, kuma mai gabatarwa ya cike shi da kacici-kacici ko waƙar amshi a gaban dandamali. Shiru na minti goma yana watsa taro.

Wasan kwaikwayo a fili yana son manyan motsi da gajerun jimloli. Raɗa da ɗaga gira ba sa wuce sahu na biyar. 'Yar tsanar hannu kuma ba a ganinta da kyau bayan mita goma, gara a yi ta sau biyu a wani lungu mai inuwa ga yara hamsin-hamsin.

Zafi yana taɓa kayan kiɗa. Tsirkiya tana saki muryarta ta sauka, kayan busa muryarsu tana hawa, fatar ganga tana ɗaurewa da rana ta saki da raɓar yamma. A fito da kaya inuwa rabin awa kafin a hau, a sake saiti bayan kowace waƙa biyu ko uku. Waya ko kwamfutar da ke kunna kiɗan 'yan rawa tana iya kashe kanta idan rana ta buge ta, a ajiye ta a inuwa, a kwafi kiɗan a na'ura ta biyu, kada a dogara da intanet. Baƙar shimfiɗar rawa tana ƙona tafin ƙafa. A rufe ta da farin yadi har lokacin hawa, a gwada da bayan hannu.

Ruwa, banɗaki da yaron da ya ɓata

A tanadi rabin lita ga kowane mutum a kowace awa, kyauta. Mutum 500 a awa biyu lita 500 ke nan, a wuri biyu ko uku, da famfo ɗaya a tsayin yaro. Banɗaki ɗaya ga kowane mutum 75 zuwa 100, mafi yawa na mata, da ɗaya mai faɗi don keken guragu, da wurin canza wa jariri, da ruwa da sabulu.

Masu agajin gaggawa biyu aƙalla, a rumfa mai alama da ake hangowa daga ko'ina. Wanda zafi ya galabaitar yana gumi, jiri, ciwon kai da tashin zuciya: a kai shi inuwa, a kwantar, a sassauta tufafi, a jiƙa jikinsa, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan ya fara ruɗewa, magana ta harɗe, ko ya suma, wannan bugun zafi ne mai kisa. A kira motar asibiti nan take, a yi ta zuba masa ruwan sanyi ana fifita, kada a ɗura masa ruwa a baki. Jarirai 'yan ƙasa da wata shida ba a barinsu a rana, kuma masu kula su riƙa tunatar da iyaye cewa rufe keken jariri da zane yana ƙara zafin cikin keken.

A bakin ƙofa a ɗaura wa kowane yaro zare ko takarda a hannu mai lambar wayar wanda ya kawo shi, ba sunan yaron ba. Yaron da aka tsinta a kai shi wuri guda da aka sanar tun farko, manya biyu su zauna da shi, ba ɗaya ba. Kada a faɗi sunansa ko kamanninsa a lasifika, a kira sunan babban da ya zo da shi. Wanda ya zo karɓa a tabbatar yaron ya san shi, a rubuta suna da lokaci. Idan iyaye ne suka zo cewa ɗansu ya ɓace, a sanar da masu tsaron ƙofofi ta oba-oba nan take, a tura mutum bakin duk wani tafki ko titi da farko, idan minti goma ya wuce a kira 'yan sanda. Mai kula ɗaya ga kowane mutum 50, sanye da riga mai launi ɗaya, kowa ya san wurinsa.

Kwashe kaya

Lokacin kwashe kaya ya fi lokacin wasa haɗari: ma'aikata sun gaji, haske ya ragu, yara kuma sun ga dandamali ba kowa. Ba a sauke lasifika, ba a shigo da mota, sai filin ya watse. Masu kula su zauna a wurarensu har lokacin. A ƙirga turaku wajen kafawa, a ƙirga wajen cirewa, domin wanda aka manta a ciyawa zai fasa ƙafar wani ko injin yankan ciyawa. A bi filin a jere a tsince igiyoyin roba da murafen kwalba, a ɗaga duk shimfiɗa a daren don ciyawa ta sha iska. Washegari da safe a zagaya da mai kula da lambun, a ɗauki hotuna a kwatanta da waɗanda aka ɗauka kafin kafa kaya, a cike ramukan turaku da ƙasa, a kuma miƙa masa takardar ma'aunin sautin da aka rubuta tare da buƙatar ranar wasa na gaba.